Injin da Ya Je Yawo Ya Dawo Gida

Shekara 3 ke nan da na sayi wata tsohuwar Volkswagen ƙirar 1978 a nan Ingila, irin motar nan mai gado da murhu a ciki wadda Turawa ke tafiya hutu da ita. Injinta a baya yake, kuma ba shi da lagireto domin iska ce ke sanyaya shi. Muna hawan wani tudu a hanyar bakin teku sai bawul ya faɗa kan fistan, motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Bakanike ya ce sai dai in nemi injin da aka yi wa garambawul, don haka na kira masu wannan sana'a su uku. Na farko ya daɗe yana lissafa mini fistan da ringi da bawul da karanshaf, ya yi alkawarin garanti, sannan ya ambaci kuɗin da ya sa na nemi kujera. Na biyu ya ce in jira wata huɗu. Na uku ya yanke rabin kuɗin na farko, ya ce mako biyu ya ishe shi. Da yake na yi ƙuruciya ina raka kawuna kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, na ɗauka babu mai yi mini wayo a cinikin inji, sai na sallama masa.

A al'adar wannan ciniki musaya ake yi: ka ba da tsohon injinka, ko ka ajiye kuɗin jingina har ya isa hannunsu. Gudun jingina ya sa na riga na aika da nawa.

Inji ya iso yana ƙyalli, har uwargida ta ce, "Malam, ai wannan ya fi ƙarfin motarka." Bakanike kuwa bai ce uffan ba. Ya haska tocila ƙarƙashin janaretan da ke cajin batirin motar, inda kamfani ke buga lambar inji, ya duba takardun motar, ya sake haskawa. Lambar ɗaya ce. Injina ne aka yi wa wanka da fenti, aka sauya abin da ya fashe kawai, hatta ɗigon baƙin mai yana nan inda na san shi.

Da na kira mutumin ina huci, cewa ya yi in gode masa, domin masu tara tsofaffin motoci sun fi daraja motar da ke ɗauke da injinta na asali. Na juya wurin bakanike ina neman ya ƙaryata shi, sai ya sosa ƙeya ya ce wannan kam gaskiya ya faɗa.