Barewar da aka raunata kare take buƙata, ba jirgi maras matuƙi ba

Tun watan Disamba na 2023 muhawarar amfani da jirgi maras matuƙi wajen neman barewar da aka raunata ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin maharban Amurka. A lokacin ne jami'an hukumar kula da namun daji ta jihar Pennsylvania suka yi shigar burtu, suka kira wani mai sana'ar tashin jirgi maras matuƙi da sunan maharbi ne barewarsa ta ɓace, yana tayar da jirgin suka ƙwace shi, magana ta kai kotu. A shekarar 2023 ɗin dai kamfanin Drone Deer Recovery, mai irin wannan sana'a, ya maka hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Michigan a gaban alƙali, wai hana shi aiki tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki ne, tunda abin da yake sayarwa labari ne kawai: ga inda barewarka ta kwanta. Jihar Ohio kuwa ta bar jiragen suna tashi.

Shari'a dai ta alƙalai ce. Abin da ya ɓata mini rai shi ne waƙar da masu jiragen da magoya bayansu suka ɗauko, cewa zamanin kare ya wuce, kuma duk mai tausayin dabba dole ya goyi bayan kyamarar da ke gano ɗumin jiki daga sama. Wannan magana ta 'yan kasuwa ce aka yafa mata mayafin tausayi.

Matsalar kanta ba ƙarama ba ce. Maharban Amurka suna kashe barewa mai farar wutsiya wajen miliyan 6 a kowace shekara, kuma ba kowane harbi ne ke kayar da dabba nan take ba. Wani bincike da aka yi a sansanin sojan ruwa na Indian Head da ke jihar Maryland, daga 1989 zuwa 2006, ya nuna masu kwari da baka sun rasa kusan kashi 18 cikin 100 na barewar da suka sama. Kuma waɗannan maharba ne da ake sa wa ido a cikin sansanin soja. Barewar da kibiya ta huda mata huhu biyu ba ta yin nisa. Wadda aka sama a tumbi ko hanji kuwa takan yi sa'o'i tana jan jiki, jinin yana zuba a ciki, ba ɗigo ko ɗaya a kan ganye. Nan ne idon ɗan'adam yake ƙarewa.

Nan ne kuma aikin kare yake farawa, kuma mutane da yawa ba su fahimci yadda yake yi ba. Suna zaton jini yake bi. Jini yana taimakawa, amma ƙwararren kare ƙanshin barewa guda ɗaya yake riƙewa, wanda ke fitowa daga wata 'yar kafa mai maiƙo da ke tsakanin kofatanta, haɗe da warin raunin da na ƙasar da ta taka. Ana kai shi daidai wurin da aka yi harbin, a ɗaure da doguwar igiya ta kamar mita 10, ya sunsuna, ya ɗauki hanya. Barewa goma masu lafiya za su iya gitta sawun cikin dare, ba zai kula su ba. Sawun da ya kwana, har ma wanda aka yi wa yayyafi, ba ya gagarar kare mai horo. Shi kuma mai riƙe da igiyar yana karanta abin da karen ya tsaya a kai: launin gashin da ya zuba, ɓarɓashin ƙashi, jini mai kumfa ko mai duhu, makwancin da dabbar ta tashi daga kai. Daga nan yake gane ko a ci gaba, ko a ja da baya a ba ta sa'o'i ta kwanta, ko kuma a gaya wa maharbin gaskiya cewa ƙujewa ce kawai a baya, barewarsa za ta rayu. Wannan hukunci na ƙarshe shi kaɗai ya isa dalilin kiran kare.

Jamusawa sun daɗe da sanin haka. Ƙungiyar Hirschmann, mai kula da karnukan bin sawu na Hanover, tun 1894 take, ta karnukan tsaunukan Bavaria kuma tun 1912. A Amurka sai da aka sha fama. A ƙarshen ƙarni na 19 masu farautar kasuwa da garken karnuka sun kusa ƙarar da barewa, don haka jihohin arewa suka haramta haɗa kare da barewa ta kowace fuska, dokar ta zauna kusan shekara ɗari ba wanda ya tambaye ta. Marigayi John Jeanneney, malamin tarihi da ya ga yadda ake yi a Turai, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Deer Search a New York a 1978, suna yawo da 'yan gajerun karnukan nan masu dogon jiki. Jihar ba ta halatta aikin ba sai 1986. Pennsylvania kuwa sai 2018. Shekara 32 tsakanin maƙwabta biyu, a kan kare guda da ke ɗaure a hannun mutum! Yanzu kuma, tun tawadar dokar ba ta bushe ba, ana so a buɗe wa jirgi ƙofa cikin kaka biyu ko uku, don kawai bidiyonsa na jan masu kallo a YouTube.

To me jirgin yake yi? Yana tashi da dare, ya leƙa fili mai faɗi, ya nuna duk wani abu mai ɗumi. Duk wani abu, ba barewar da aka harba kaɗai ba. Ya ga uwa da 'ya'yanta, ya ga inda garke ke kwana, ya ga babban namijin nan mai reshen ƙaho da maharbin ya yi shekaru yana mafarkinsa, kwance a gefen gonar maƙwabci. Masu sana'ar suna rantsuwa cewa ba sa faɗa. Ko da mun yarda da su, maharbin yana tsaye kusa da allon yana kallo, kuma abin da ido ya gani babu dokar da za ta goge shi kafin asuba. Karen da ke kan igiya ba shi da wannan matsala, don hancinsa a ƙasa yake, kan sawu ɗaya, kuma duk abin da ya sani ba zai taya ka farautar gobe ba. Amurka ta haramta harbin dabba daga jirgin sama tun 1971, Alaska kuma ta hana mutum farautar yawancin manyan namun daji a ranar da ya shiga jirgi, saboda sun san cewa wanda ya hango daji daga sama ya riga ya ci rabin wasan. Ƙanƙantar jirgin ba ta canja wannan hujja ba.

Sai batun iyawa, wanda ake ta cika baki a kai. A gonar masara da aka girbe ko fadama mai ciyawa, jirgin yana gani, ban musa ba. Amma barewar da ke jin ciwo ba fili take nema ba, duhuwa take shiga. Ƙarƙashin itatuwa masu ganye, ko farkon kaka kafin ganye ya zube, kyamarar ba ta huda rufin daji. Gawar da ta huce, ko ta nutse a rafi, ba ta da ɗumin da za a gani. Kuma in an hango barewa kwance da ranta, sai me? Dole dai mutum ya taka da ƙafa, in ta zabura ta shige kurmi an koma gidan jiya, sai a fara neman lambar mai kare, bayan an tattake sawun an ɓata sa'o'i.

Abin da ya fi damuna shi ne tarbiyyar da abin ke koyarwa. Maharbin da ya san akwai na'urar da zai kira da kuɗinsa zai saki kibiya daga nesan da bai kamata ba, ko da magariba ta rufa. Mai kare kuwa tambayoyi yake jerowa tun a waya: ina ka same ta, yaya ta zabura, wane irin jini ka gani, ka bi ta ko ka jira? Maharbi yakan ji kunya, ya kuma koyi wani abu. Da yawa daga cikin masu karnukan nan aikin sa-kai suke yi, kuɗin mai kawai ake ba su.

Masu cewa a hana farautar gaba ɗaya ba su da abin faɗa wa barewar da ke kwance da kibiya a ciki yau da dare. Su kuma tsofaffin da har yanzu ke tsoron kare ɗaure zai dawo da farautar garke, shekara kusan 40 na New York sun ba su amsa, in suna son ji.

Mai karatu da ya yi zaman Risala a gaban malam ba baƙo ba ne a wannan zance. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma a babin farauta na Risala an ce abin da kibiyarka ta kashe ka ci matuƙar bai kwana ɓace maka ba, in kuma ka riske shi da rai ka yanka. Wato wanda ya saki kibiya an ɗora masa bin ta, da gaggawa, ba ya koma gida ya ce gobe ma rana ce ba.

Ƙasashen arewacin Turai dokar ƙasa suka mayar da wannan. A Sweden, mai farautar barewa dole ya tanadi karen bin sawu da zai iya isowa cikin sa'o'i 2 da harbi. A Norway ba ka fita farautar manyan barewa sai da kare mai shaidar ƙwarewa a hannu ko yarjejeniya da mai shi. Denmark tana da rajistar masu karnuka da hukuma ta amince da su, kuma kiran su wajibi ne in dabba ta ɓace. A can tambayar da ake yi wa maharbi ita ce ina karenka, a Amurka kuwa har yanzu alfarma ake ganin an yi masa da aka bar shi ya kira.

Majalisun jihohin da ke ɓata lokaci kan ƙudurorin jirage su karkata nan. A wajabta neman dabbar da aka raunata, a ware wani abu daga kuɗin lasisin farauta don horar da karnuka da masu su, a sassauta wa mai igiya ya tsallaka iyakar gona in sawu ya tsallaka. In an gama wannan, aka ga akwai sauran gurbi, sai a zauna a yi maganar jirgi, kuma a hannun jami'in gandun daji, ba a hannun wanda ake biya don ya faranta wa maharbi rai ba.