Allo kore ba shi ne lafiyar netwok ba

Jiya da daddare wani ƙanena a sana'a ya turo mini hoton allon kwamfutarsa. Ya kafa Zabbix, manhajar sa ido kan netwok, a wurin aikinsu, ya zuba duk na'urorin ofis a ciki, komai kore shar kamar gonar alkama a Kadawa. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, an gama." Na yi masa sannu da aiki, sannan na yi masa tambaya ɗaya tak: in aka ɗauke wuta yanzun nan, saƙo nawa zai shigo wayarka? Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya dawo ya ce bai taɓa gwadawa ba. Na ce to ƙanena, da sauran aiki. Abin da na ƙarasa faɗa masa a waya shi ne zan zube a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Ga wanda ba ya cikin harkar, manhajar sa ido kan netwok kamar maigadi ce da ke zagaya gida yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Duk bayan minti ɗaya ko biyar sai ta taɓa rauta mai haɗa ofis da waje, ta taɓa suwic mai haɗa na'urori da juna, ta taɓa saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta ce kana nan? Mafi sauƙin ƙwanƙwasawa ita ce ping, ɗan ƙaramin shirin da Mike Muuss ya rubuta tun 1983. In tana son ta ji abin da ya wuce "ina nan", sai ta bi ta SNMP, yaren da ake tambayar na'urori halin da suke ciki, ta tambayi na'urar data nawa ta wuce ta wannan ramin da ake cusa waya, zafinta nawa, tun yaushe take kunne. Abin da ta ji sai ta ajiye, ta zana, in ya wuce iyakar da ka sa mata ta buga maka ƙararrawa. Kafa ta aikin yini ɗaya ne, wani lokaci ma kafin la'asar ka gama. Koya mata abin da ya isa a tashe ka daga barci saboda shi, wannan kam watanni yake ci, kuma nan ne yawancinmu muke zamewa.

Ni da manhajar Nagios na koyi aikin, kuma da wuya na koya. Shekarun baya ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke raba intanet ga ofisoshi da makarantu ta rediyo. Muna da wani ƙarfen eriya a bayan gari wanda kusan rabin kwastomominmu ta kansa suke samun sabis. Na zauna na rubuta kowace na'ura a fayil ɗin saiti, ɗaya bayan ɗaya, na haɗa da modem mai layin waya domin saƙo ya riƙa zuwa mini kai tsaye. Ina ta jin kaina. Daren farko da aka yi hadari mai iska, batirin wancan ƙarfen ya mutu wajen ƙarfe biyu na dare. Wayata ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa, kowace eriya da saƙonta, kowace rauta da nata. Uwargida ta farka ta ce wai lafiya, ko rasuwa aka yi? Da wuta ta dawo kuma, sai ga wani jerin na "na dawo" daidai yawan na farkon.

Me na yi? Abin da kowa ke yi. Na kashe ƙarar saƙon. Bayan sati biyu ko uku rumbun ajiyar sabar da ke tantance kwastomomi ya cika maƙil. Nagios ta faɗa tun yana kashi 80, ta sake faɗa da ya kai 90. Saƙonnin suna nan cikin wayata, a binne tsakanin tarkacen "ya tafi, ya dawo" na eriyoyi. Ban sani ba sai da Oga ya kira ni da sassafe, muryarsa ƙasa-ƙasa irin ta wanda ya riga ya gama fushi: "Injiniya, wannan abin da ka ce zai riƙa gaya mana matsala kafin ta faru, yana hutu ne?" Na so in ɗora wa manhaja laifi, amma da na buɗe tarihin faɗakarwar sai kunya ta rufe ni.

Ranar na gano amfanin wani layi guda da na riƙa tsallakewa a fayil ɗin saiti, wato parents. Da shi kake gaya wa Nagios cewa wannan eriyar a bayan wancan suwic take, suwic ɗin kuma a bayan waccan rauta. Da zarar ta san wa ya haifi wa, in rauta ta faɗi, ita kaɗai za a kira matacciya. Sauran da ke bayanta za a ce ba a iya kai wa gare su ba, kuma kana da ikon cewa kada a turo maka saƙo kan irin waɗannan. Saƙo ɗaya ke nan maimakon tuli, kuma saƙon da ke nuna maka inda za ka nufa da babur. Zabbix ma tana da irinsa, inda kake rataya wata faɗakarwa a wuyan wata. Sai dai babu manhajar da za ta yi maka wannan daidai in kai kanka ba ka san yadda wayoyinka suka bi ba. Sau da yawa in na ga allon da ba a tsara shi haka ba, ina bincikawa sai in tarar ba wanda ya taɓa zana taswirar netwok ɗin ko da a bayan takardar kalanda.

Abu na biyu shi ne haƙuri. Nagios tana bambanta matsalar da ta gani sau ɗaya da wadda ta tabbatar, kuma kai ne kake faɗa mata sau nawa za ta sake dubawa kafin ta ɗaga murya, ta wurin max_check_attempts. A nan ne nake da magana da masu kwafo saiti daga intanet su manna yadda yake. Wanda ya rubuta wancan saitin wataƙila yana zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa a shekara. Mu kuwa a nan, tsakanin a ɗauke wuta, maigadi ya nemo tocila, ya je ya ta da janareto, ya juya layi, an ci minti uku ko biyar. In suwic ɗin wani ofis ba ya kan inbata, zai mutu ya farfaɗo sau da yawa a yini, kuma ba abin da wani injiniya zai yi a kai. To me ya sa za a tashe shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka auna tsawon lokacin da sauyin wuta ke ɗauka a wurinka, ka sa jinkirin faɗakarwa ya ɗan zarce shi.

Kuma tunda wuta ce uwar matsalolinmu, ita ya kamata a fara sa wa ido kafin komai. Ina mamakin wanda zai auna abu hamsin a kan saba amma bai san ƙarfin batirin da ke riƙe da ita ba. Na'urorin kamfanin MikroTik da yawa suna faɗin ƙarfin wutar da ke shigar su da zafin jikinsu, manyan UPS ma akwai masu katin SNMP. Batirin da ke sauka a hankali tun magariba yana gaya maka ƙarfe nawa za a yi mutuwar, tun kana da sauran lokacin aika yaro da mai. Haka zafi: a watan Afrilu ɗakin saba da na'urar sanyaya ɗakinsa ta tsaya ba ya jimawa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankoki tun Janairu.

Na san akwai masu cewa gara a bar komai ya yi ƙara, kada wani abu ya wuce ba a sani ba. Na fahimce su, ni ma can na fito. Amma ɗan Adam ba ya iya jin ƙararrawa ɗari a rana ya ɗauki ta ɗari da ɗaya da muhimmanci. Ƙa'idata yanzu ita ce duk saƙon da zai shigo waya da dare, dole ya zama akwai abin da zan tashi in yi a kansa a daren. Wanda zai iya jira zuwa safe ya tafi imel. Wanda don sani ne kawai ya zauna a zane, in na so na duba.

Zanen ma yana ƙarya in ba a kula ba. Tsohon ma'aunin SNMP na data mai bit 32 ne, yana cika ne a wajen gigabait 4.3 sannan ya koma sifili. A layin da ke gudun megabit 100 cikakke, bai kai minti shida ba yake zagayowa. A layin gigabit ɗaya kuwa wajen daƙiƙa 34. Ita kuma manhaja irin Cacti ko tsohuwar MRTG ta Tobias Oetiker, bisa al'ada duk minti biyar take leƙawa. Sai ka ga zane yana nuna layi ba cunkoso alhali a cike yake, ko ya yi wani tsalle na hauka da ba a yi shi ba. Maganin shi ne ma'aunin bit 64, wanda ba ya samuwa a SNMP na farko (v1) sai daga na biyu, wato v2c. Na taɓa ganin an kusa sayen ƙarin bandwid saboda irin wannan zane, na kuma ga an ƙi saya saboda shi.

Batun wace manhaja ta fi, ba na ɓata bakina a kai sosai. Nagios, wadda Ethan Galstad ya fitar a 1999 da sunan NetSaint, fayilolin rubutu ne zalla. Tana da wahalar farawa amma komai a fili yake, kuma tana da umarnin duba saiti kafin ka sake kunna ta, wanda duk mai hankali ba ya tsallakewa. Zabbix ta Alexei Vladishev, daga Latbiya, ta shafin burauza ake sarrafa ta, sai dai menunta na ɓatar da baƙo. Ƙanena ma abin da ya same shi ke nan: ya haɗa na'ura, ya haɗa abin aunawa, ya haɗa sharaɗin ƙararrawa, amma matakin da ke tura saƙo a kashe yake tun daga kamfani, kuma bai sa wa mai amfani adireshin da za a tura masa ba. Da netwok ɗinsa ya faɗi jiya, da allon ya yi ja shi kaɗai a ɗaki ba mai gani. PRTG ta Jamusawa tana da daɗin hannu, kyauta ce har ma'auni 100, amma ka sani ma'auni ake ƙirgawa ba na'ura ba, suwic guda mai rami 24 zai iya cinye kusan kwata. Masu MikroTik zalla kuma manhajar The Dude ta ishe su farawa. Ka ɗauki wadda in ka yi tafiya wanda ka bari zai iya riƙewa.

Wani abin da ke ba ni tsoro: wannan maigadin yana riƙe da makullin kowane ɗaki. Har yau ina shiga wurare in tarar kalmar shiga SNMP tana nan public yadda ta zo, ƙofa ta 161 da SNMP ke bi a buɗe ga duniya, Zabbix kuma tana kan sunan shiga Admin da kalmar sirri zabbix da ta zo da su. A v1 da v2c kalmar a fili take tafiya cikin waya, v3 ce ke ɓoye ta. Wanda yake ganin wasa ne ya tuna abin da ya fito fili a Disamban 2020, lokacin da aka gano an cusa mugun shiri cikin sabuntawar Orion ta SolarWinds, manhajar sa ido ce ita ma, kuma kwastomomi kusan 18,000 suka sauke ta, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: wa ke gadin maigadi? In saƙonka ta Telegram ko imel yake fita, kuma layin intanet ɗin ne ya yanke, ta ina zai iso ka? Shiru za ka ji, ka ɗauka lafiya ce. Shi ya sa har gobe ban raina modem da layin waya ba, ko wata 'yar saba a waje da aikinta kawai ta duba ko ta cikin gida tana numfashi.

Ranar da na fi gode wa zane ita ce Alhamis 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta rikice daga Najeriya har Gana, ayyukan bankuna da dama suka samu cikas. Kafin labari ya bazu, kowa a ofis ya juyo kaina, an bar jaki ana dukan taiki. Na buɗe Smokeping, manhajar da ke zana saurin amsar ping, na nuna wa Oga layuka biyu: zuwa rautar mai ba mu sabis, santsi kamar kullum, zuwa sabobin Turai, hayaƙi da ɓacewar saƙo. Na ce Yallaɓai, daga nan zuwa nan namu ne kuma lafiyarsa ƙalau, daga nan gaba ba hannunmu. Ya duba ya duba, ya ce a bar Injiniya ya sha iska. Ba don na sa ma'auni a kowane zango na hanyar ba, da ranar na wuni ina sake kunna na'urorin da ba su yi laifin komai ba, da bakin azumi.

Shi kuwa babban talabijin da shugabanni ke son a kafa a bango don baƙi su ga kore, ba na faɗa da shi, a kafa. Na dai san wurin da aka cire na'urori biyu masu yawan faɗuwa daga jerin saboda suna ɓata kyan allo ranar da manya za su zo, kuma ba a mayar da su ba.

Mun yi da ƙanena ranar Asabar bayan azahar, lokacin ba kowa a ofis, zan je in same shi. Zai kawo takarda da biro mu fara zana wace waya ta shiga ina. In mun gama saiti, shi zai zare wutar babban suwic da hannunsa, mu ajiye wayarsa a kan tebur mu ƙirga saƙon da zai shigo. Na ce masa in ya wuce biyu, shi zai sayi tsire.