Hannatu ba sunan ƙauye ba ne

Iyayen zamani sun fara gudun Hannatu, wai ya tsufa, sai su raɗa wa 'yarsu Hanan ko Hannah. Abin dariyar shi ne ba su je ko'ina ba, duk gida ɗaya ne.

Asalin sunan Ibrananci ne, haruffa uku: het, nun, he. Saiwarsa ḥ-n-n, mai ma'anar alheri, tagomashi, jin ƙai. Larabci ma yana da wannan saiwar, tunda harsunan biyu 'yan uwa ne. Daga ita Hanan ya fito, kuma ita ce a aya ta 13 cikin Suratu Maryam inda ake maganar tausayin da aka ba Annabi Yahya. Yohanna ma nan ya tsiro, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. Shi kuwa "tu" na ƙarshe daga Larabci muka samo shi, ta marbuɗa ce da wasalinta, irin na A'ishatu da Saratu da Hafsatu.

Mata biyu ne suka ɗaga sunan. Ta farko tana Littafin Sama'ila na Ɗaya: matar Elkana, wadda kishiyarta Feninna ke yi mata gorin haihuwa. Ta je Shilo tana addu'a, leɓɓanta na motsi babu sauti, har firist Eli ya zaci a buge take. Daga baya ta haifi Sama'ila. Ta biyu ita ce mahaifiyar Nana Maryamu. A nan mutane ke kuskure: Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, "matar Imrana" kawai ya ce a Ali Imrana aya ta 35, malaman tafsiri ne suka kawo sunan Hannatu. Linjiloli huɗu ma ba su ambace ta ba, wani rubutun Kiristoci na ƙarni na 2 ne ya kira ta Anna. Shi ya sa a Arewa za ka sami Hannatu a gidan liman, ka same ta a gidan fasto.

Girkanci ba shi da harafin het, sai sunan ya koma Anna, daga nan aka sami Anne da Ana da Anita. A Amurka Hannah ya riƙe matsayi na 2 cikin sunayen 'yan mata daga 1998 zuwa 2000, Emily kaɗai ke gabansa. Wato abin da muke rainawa a Funtuwa shi aka yi rububi a can a waɗannan shekarun.

Inda nake so a kula shi ne rubutu. Nun ɗin tana da shadda, don haka n biyu ne. Ka rubuta Hana, Bahaushe ya karanta "hana", akasin bayarwa, ga sunan da ma'anarsa alheri! Hana' ta Larabci kuma, mai nufin farin ciki, ha ɗinta ba irin ta Hannatu ba ce, wata saiwa ce daban. Sannan ka tsayar da rubutu ɗaya tun ranar suna. Takardar haihuwa ta ce Hannatu, malamin firamare ya rubuta Hanatu, NIN ya ɗauki Hannah: ranar da yarinya za ta yi rajistar JAMB ko neman fasfo sai an je kotu an yi takardar rantsuwa kafin a daidaita su.