Allurar wata tara da ƙwaryar hura, maganar mai gida ce

Satin da ya wuce na raka ƙanwata awo, da ɗanta mai wata goma sha ɗaya. Muna zaune kan benci tun wajen ƙarfe takwas, mata sun fi arba'in kowa da goyo, na duba hagu na duba dama ni kaɗai ne namiji in ka cire majo da mai gadi. Da layi ya zo kanmu madam ta buɗe karnen yaron, wato ɗan littafin allurarsa, ta ce ina ta wata tara? Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce wallahi madam lokacin shuka ne ya faɗo, kuma babansa bai ba da kuɗin kabu-kabu ba. Aka naɗa ma yaron ɗan tsirin awon nan mai launi uku a dantse, ya tsaya kan rawaya, saura kaɗan ya taɓa ja, alamar tamowa mai tsanani. A hanya take ce mini Yaya ai hura yake sha sosai, ba ya ƙin ta. Kuma gaskiya ta faɗa, hura yake sha, hura da safe hura da rana, hatsi da ruwa da ɗan tsamin nono in an samu.

Abin da nake son mu gane mu mutanen Maraɗi shi ne abinci da rigakafi aiki guda suke a jikin yaro. Allura tana nuna ma jiki kamannin cuta tun kafin ta zo, kamar a nuna ma mai gadi hoton ɓarawo, amma mai gadin da ya kwana uku bai ci ba ko ya gane ɓarawon da wane ƙarfi zai kama shi? Sojojin jiki da abinci ake gina su, da wake da gujiya da ƙwai da ganye da ɗan mai. Shi kuma yaron da ya ƙoshi amma ba a yi masa allura ba, ƙyanda ba ta jin kunyar ƙibarsa.

Ƙyanda ɗin nan, wadda wasunmu ke ce ma dusa, ita ce ta fi ba ni tsoro saboda yadda take haɗa baki da tamowa. Tana cinye bitamin A na jiki, tana kawo gyambon baki yaro ya kasa cin abinci, ga zawo ga tari, kafin ƙurajen su bushe yaro ya zube. Kuma akwai abin da ya fi wannan, wani bincike da aka fitar a 2019 kan yara a ƙasar Holan ya nuna ƙyanda na goge ma jiki abin da ya riga ya koya na yaƙi da wasu cututtuka, wasu yaran sun rasa kashi 11 cikin 100 na garkuwar da suka tara, wasu har kashi 73. Yaran Turai ke nan masu cin mai kyau. To ina ga namu da cutar ke iskewa a watan Yuli ko Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya taso, masassara na jiran ta a bakin ƙofa? Shi ya sa za ka ji uwa na cewa tun da ya yi dusa bai ƙara lafiya ba, yau wannan gobe wancan, kuma ba ƙarya take ba.

Allurar farko ba ta cika wuce mu ba. Ta haihuwa ana yi, ta sati 6 da sati 10 da sati 14 ma mata na ƙoƙari don lokacin jego ne, ana lallaɓa su, dangi na kusa. Daga nan sai a yi dogon shiru har wata tara, lokacin ta ƙyanda da shawara, sannan akwai ta ƙyanda ta biyu bayan yaro ya shige shekara wadda da yawa ba su ma san da ita ba. A cikin wannan shirun ne yaro ke cika wata shida, nonon uwa kaɗai ya daina isar sa, garkuwar da ya gado daga cikin uwa tana ƙarewa, wani lokacin ma uwar ta samu wani ciki an cire shi daga nono dare ɗaya an kai shi wurin kaka. Duk abin a wuri guda yake haɗuwa.

Mun ga 2005 da idonmu. Maraɗi ce ta zama tsakiyar yunwar yaran nan, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kafa tantuna, dubban yara suka tashi da ɗan ƙunshin abincin tamowar nan da muke ce ma biskit. Ni ban raina biskit ba, ya ceci rayuka kuma har yau yana ceta a Madarunfa da Ɗan Isa da sauran wurare. Amma ku karanta abin da ke cikinsa, gujiya ce da madara da sukari da mai da bitamin. Gujiyar da muke nomawa. Mu ne masu zogalen Gulbi da Jiratawa da ake lodawa buhu buhu zuwa Yamai, mu ne masu ƙuli-ƙuli da wake da awara, amma yaron gidan sai ya kai ja a tsirin awo kafin ya ɗanɗani gujiyar da aka daka masa da kyau. Cokali guda na garin ƙuli-ƙuli ko garin wake ko busasshen zogale a cikin kunun yaro, da ɗan man gujiya, bai kai kuɗin shayin da muke sha a fada da dare ba.

Na san za a ce talauci. Akwai shi, ba na musu, akwai gidan da ko hatsin babu. Na san kuma tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne amma sau nawa aka je aka iske babu magani aka rubuto takarda a saya a waje, ko a ce yau ba a buɗe kwalbar ƙyanda sai yara sun taru a dawo wani sati, mace ta taka kilomita bakwai da goyo ta koma hannu wofi. Wannan laifin hukuma ne kuma dole a faɗa mata. Wasu kuma har yanzu suna da shakku kan allura, su ma ina roƙon su tuna yadda sanƙarau ke kwasar mutane duk bazara kafin allurar 2010, su kuma ƙirga guragun shan inna nawa ne a cikin sa'o'insu, nawa ne a cikin sa'o'in ƴaƴansu.

Amma kason da ya rage namu ne mu maza. Mabuɗin rumbu na hannunmu, kuɗin kabu-kabu na aljihunmu, izinin fita ma wurinmu ake nema, sannan in yaro ya rame mu ce uwar ce ba ta kula. Da na koma gida na samu mijin ƙanwata a ƙofar gida na miƙa masa karnen na ce Malam duba nan, wannan layin da babu hatimi naka ne. Ya jujjuya shi ya ce shi wallahi bai taɓa buɗe shi ba, yana zaton takardar mata ce. Na nuna masa ranar da madam ta rubuta ta komawa don ta biyu da bitamin A, ya sa ɗansa babba ɗan lakwal ya rubuta masa ita da gawayi a jikin bangon zaure.