Nasiha ga Samarin Daura da Ke Shirin Ajiye Iyali

Ƙannena da abokaina, duk lokacin da aka ɗauko zancen yawan haihuwa a majalisa, kafin mai magana ya rufe baki wani ya ce makircin Turawa ne, wani ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, daga nan sai a koma hirar ƙwallo. Na yi imani cewa arziki na Allah ne, amma ina roƙonku ku saurare ni har ƙarshe, domin abin da masu bincike suka rubuta a kanmu abu ne da kowannenmu yake gani a cikin gidansu.

Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa macen Nijeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaicin lissafi, amma a Jihar Katsina adadin ya kai 7.3, wanda babu jihar da ta kai shi, alhali a Legas 3.4 ne. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 4.8. Yawan ba shi ne ya dame ni ba, don 'ya'ya rahama ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yawan ya rabu tsakanin gidaje: a binciken 2018 matar da ba ta shiga makarantar boko ba tana haihuwar 6.7, wadda ta wuce sakandare kuwa 3.4, kuma gidajen da suka fi talauci su ne suka fi yawan haihuwa, su ne kuma suka fi binne yara. A wancan lokaci, cikin yara 1,000 da aka haifa a ƙasar nan, 132 ba sa kai shekara biyar. Ashe nauyin ya fi sauka a kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfin ɗauka.

Akwai wata maƙwabciyarmu da na sani tun tana amarya. Goyonta bai kai wata takwas ba ciki ya shiga, abin da iyayenmu mata ke kira kwanika, aka cire yaron daga nono ba shiri, aka koma ɗura masa koko. Na gan shi a zaure a hannun yayarsa 'yar shekara shida, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, ko kukan kirki ba ya iya yi. Tamowa ce. Mijin ba mugu ba ne, yana Legas yana tura baro, yana turo abin da ya samu, sai dai bai taɓa zama da matarsa sun yi shawara a kan hutunta ba, saboda a ganinsa wannan magana ce ta mata, kuma abin kunya ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a cikin wata shida na farkon 2025 kaɗai. Tsadar abinci da rashin tsaro suna da babban kaso a wannan musiba, ban musa ba, amma kunyar da ke hana namiji tambayar lafiyar matarsa ita ma tana da nata kason.

Abin mamaki, tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu mata sukan tafi goyon ciki da wanka gidan iyayensu, su shayar da yaro kusan shekara biyu kafin a yaye shi, kuma macen da ta yi kwanika har gori ake yi mata, ko da yake mijin ne ya fi cancantar gorin. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma ya ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a wuyan uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma wata 24 ta ba da shawarar a jira bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wanda yake da shakka a kan hanyar da ta halatta, ga malamai nan birjik a gari, ya je ya tambaya da bakinsa, sannan ya raka matarsa asibiti ya ji bayanin ma'aikatan lafiya da kunnensa.

Sai maganar gona. Gonar da kakana ya noma ta ciyar da gidansa shekara guda har da ragowar gero a rumbu, amma da aka raba gado tsakanin 'ya'yansa, aka sake rabawa tsakanin jikoki, abin da ya zo hannun wasunmu bai fi a shuka gyaɗar miya ba. Wannan ne ya sa ci-rani, wanda a da ake tafiya bayan girbi a dawo da faɗuwar ruwan farko, ya koma zaman shekara da shekaru a Abuja da Fatakwal, wasu kuma su bi ta Kwangwalam su nufi Agadas da Libiya. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar Nijar, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar Aljeriya, kuma da yawansu daga yankin Kance suka fito, nan kusa da mu a tsallaken iyaka. Neman halal a ko'ina ba aibu ba ne. Aibun shi ne saurayi ya samu 'yan kuɗin ci-rani ya dawo ya ƙara aure don abokinsa ya ƙara, ya sake tafiya ya bar mata biyu da yara a ɗaki ɗaya, da buhun masara da ba zai kai wata biyu ba.

Gwamnati tana da laifinta. Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce Jihar Katsina tana da mutum miliyan 5.8, kuma manufar ƙasa kan yawan jama'a da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a 2022 har yanzu mutumin ƙauye bai ga amfaninta a asibitin garinsu ba. Mu ci gaba da neman haƙƙinmu, amma babu gwamnatin da za ta shigo ɗakinka ta yanke maka shawarar barin 'yarka ta gama sakandare kafin ka karɓi sadakinta. Wanda ya taɓa kai dubiya asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, ya ga 'yan matan da doguwar naƙuda a gida ta lalata wa rayuwa, da yawansu mazajen sun sake su, ya san abin da nake nufi.

Kai da za a ɗaura wa aure bayan Sallah, kafin ka gama lissafin lefe da kuɗin ɗinki, ka samu lokaci ku zauna da wadda za ka aura ka tambaye ta ko tana son ci gaba da karatu, ka yi mata alkawarin awon ciki da haihuwa a asibiti, kuma ka ware kuɗin motar da za ta kai ta tun cikin yana wata bakwai.