Kafin kwamfutocin su iso, a fara da malamin aji

Kowace shekara yaranmu na Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo Zongo da Moshi Zongo a nan Kumasi suna zama jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kuma cikin takardun da hukumar WAEC take ajiye musu a gaba akwai ta ilimin kwamfuta. Ana tambayarsu yadda ake adana rubutu, da inda ake dannawa in ana son buɗe sabon shafi. Da yawa suna ba da amsa daidai, domin yaran zango ba su da wasa wajen hadda. Amma zaunar da ɗaya daga cikinsu gaban na'urar ka ce ya aikata abin da ya rubuta, sai ka ga hannunsa ya tsaya a sama, yana tsoron kada ya taɓa wani abu ya lalace.

Duniya ta ga wannan hali a watan Fabrairun 2018, lokacin da hoton Richard Appiah Akoto ya bazu. Malami ne a ƙaramar sakandaren Betenase da ke Sekyedumase, a nan yankin Ashanti, kuma ya zana fuskar Microsoft Word gaba ɗayanta a kan allo da alli kala-kala, saboda babu kwamfutar da zai nuna wa ɗalibansa. Kamfanin Microsoft ya gayyace shi taro a Singafo, masu hali suka aika wa makarantar da kwamfutoci. Na yi masa murna ƙwarai. Sai dai makarantun da hotonsu bai bazu ba suna nan yadda suke, kuma su ne mafi yawa.

Ba za a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. An raba kwamfutocin tafi-da-gidanka na kamfanin rlg a zamanin marigayi Atta Mills. A 2021 aka fito da shirin ba kowane malami kwamfuta guda, gwamnati ta ɗauki kashi 70 na kuɗin, malami ya biya 30. A 2024 aka ƙaddamar da rabon allunan hannu, wato tablet, miliyan 1.3 ga ɗaliban babbar sakandare. To amma manhajar karatu da NaCCA, hukumar tsara manhajar makarantu, ta fitar a 2019 ta sa darasin kwamfuta tun daga aji huɗu na firamare, kuma a can ƙasa ne, firamare da ƙaramar sakandare, rashin ya fi tsanani. Ko da ma an raba, na'ura kaɗai ba ta koyarwa. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci fiye da dubu 800 ta raba wa yara, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba ba a sakamakonsu na lissafi da na harshe.

Ra'ayina shi ne mu daina jiran gawon shanu. Ranar da kowane yaro a Asawase zai sami tasa kwamfutar ba ta kusa ba, alhali ɗan aji shida na bana ba zai tsaya ya jira ta ba. Dukiyar ilimin da ke intanet, a halin da muke ciki, ta hannun malami za ta isa ga yara, don haka shi ya kamata a fara wadatawa. Mun ga dalili a 2020. Da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, aka buɗe tashar Ghana Learning TV, aka ce yara su bi darasi ta waya. A gidajenmu na haya, inda iyali goma ke raba tsakar gida ɗaya, wayar da ke shiga intanet ta uwa ce, ita kuma tun asuba ta tafi da ita kasuwar Kejetia, domin da ita take karɓar kuɗin ciniki ta MoMo. Yawancin yaran firamare ba su koma aji ba sai Janairun 2021, kuma malamai sun san irin giɓin da suka tarar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mafi amfanin kayan nan ba sa buƙatar intanet a cikin aji. Sau ɗaya ake sauke su. Manhajar Kiwix tana ɗauke Wikipedia gaba ɗaya ta zuba a filas ko katin waya, har da ta Hausa. Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta yi, tana tattara darussan Khan Academy, shafin koyarwa kyauta, da littattafan karatu a kwamfuta guda, sauran na'urorin da ke ɗakin su ja daga gare ta ba tare da an kashe data ko ta pesewa ɗaya ba. Akwai RACHEL, ƙaramin akwati mai watsa nasa Wi-Fi a cikin ɗaki. Mu ma a Gana muna da irinsa, iBox, wanda CENDLOS, cibiyar gwamnati ta karatu daga nesa, ta kai wasu manyan sakandare, ɗauke da darussan da suka dace da manhajarmu. Tambayar da nake yi ita ce me ya hana a sauko da irinsa zuwa ƙananan makarantu, inda tushen yake.

Na zauna a bayan wani aji a nan Kumasi, yara sun haura hamsin, uku-uku a benci. Malamar kimiyya ta zo da kwamfutarta da wata tsohuwar talabijin da wani uba ya ba da aro, ta haɗa su da kebul, ta buɗe ɗaya daga cikin gwaje-gwajen PhET, waɗanda jami'ar Kolorado ta Amurka ke bayarwa kyauta kuma ana iya sauke su. Batir ne da ƙwan fitila da waya a kan allon. Ba ta danna komai ba tukuna. Ta ce, “In na ƙara batir na biyu, me zai faru da fitilar? Kowa ya rubuta a littafinsa.” Aji ya kaure da gardama, wasu na cewa za ta ƙone, wasu na cewa haskenta zai ƙaru. Sai ta kira wata yarinya daga benci na ƙarshe, ta ɗora hannunta a kan nata, suka jawo batirin tare. Fitila ta ƙara haske, aji ya ɗauki sowa. Kwamfuta ɗaya ce a ɗakin, amma kowane yaro ya yi tunani kafin ya gani, kuma wannan tambayar da ta riga dannawa ita ce darasin. Da bidiyo kawai ta kunna ta koma ta zauna, da rabin ajin ya yi gyangyaɗi.

Akwai ma abin da ake koyarwa babu na'ura sam. Tim Bell da abokan aikinsa a jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand sun tattara wasannin koyar da tushen ilimin kwamfuta da suka kira CS Unplugged, kuma kyauta ne. A ɗaya daga ciki, yara biyar ke tsayawa gaban aji riƙe da kwalaye masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. A ce su nuna 13, sai mai 8 da mai 4 da mai 1 su juyo da nasu, sauran biyun su kife. Yaron da ya yi wannan ya gane yadda kwamfuta ke ƙirga da sifili da ɗaya fiye da wanda ya kwafi bayanin daga allo. Kwalin taliya da alkalami kawai ake buƙata.

Wani zai ce wannan magana tana sauke wa gwamnati nauyi ne, tana koya wa talaka haƙuri da ƙaranci. Ƙorafin yana da tushe, kuma ban yarda a yi amfani da dabarun nan a matsayin uzuri ba. Buga rubutu da riƙe linzamin kwamfuta aikin hannu ne, ba a koyonsu da kallo. Muddin hukuma za ta jarraba yaro a kan kwamfuta, wajibinta ne ta sa hannunsa a kai. Akwai asusun GIFEC da aka kafa don kai sadarwa inda ba ta kai ba, akwai Asusun Raya Zango da dokar 2017 ta kafa, akwai majalisar Asokore Mampong da 'yan majalisarmu. A ci gaba da ƙwanƙwasa musu ƙofa. Abin da nake cewa shi ne a canza abin da ake roƙo. Maimakon ɗaki mai kwamfuta arba'in da za a yanke kirtani a ɗauki hoto, a nemi guda biyar ko shida masu lafiya, da majigi ko babbar talabijin, da akwatin darussa, da sola ko batirin da zai riƙe su in an ɗauke wuta, da kuɗin gyara na shekara. Kuɗin ɗaki guda na alfarma zai wadatar da makarantu da dama ta wannan hanya.

Kwamfuta shida suna isar aji in an tsara. A raba yara rukuni-rukuni, wasu na kan na'ura, wasu na aikin kwali, wasu na rubutu, bayan minti goma sha biyar a juya. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san wannan tsari, inda malam ɗaya ke da almajirai sittin, wanda ya yi nisa yana biya wa na ƙasa da shi. Yaron da ya riga ya iya, wataƙila don yayansa na gyaran waya a Adum, shi zai zama mai biyawa a rukuninsa. Sai dai malami ya sa ido, domin in aka bar yara da kansu, maza masu ƙarfin hali ke mamaye na'urar, 'yan mata su koma 'yan kallo. A rubuta sunaye, a bi layi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakunan da ke kulle. Akwai makarantun da aka ba kwamfutoci, amma suna lulluɓe da zane, ƙurar hunturu ta rufe su, mabuɗi na aljihun shugaban makaranta. Ban ɗora masa laifin duka ba. Ya san in ɗaya ta lalace shi za a tuhuma, babu kuma wanda ya ware masa kuɗin gyara ko na sa wa mita wuta. Dole ofisoshin ilimi su faɗa a fili cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi ba laifi ba ce. Haka 'yan uwanmu da ke Jamus da Amurka masu aiko da kaya, Allah ya saka musu, amma su tambayi makaranta tukuna. Kwamfutar da ta gama rayuwarta a can, in ta iso nan hannun 'yan gwangwan za ta ƙare.

Saura batun harshe, wanda masu kawo kayan nan daga waje ba su cika lura da shi ba. Yaron zango yana Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makarantar yamma, Turanci a aji. Bidiyon da Ba'amurke ya yi da saurin bakinsa, yana misali da dala da ƙanƙarar da ke sauka daga sama, zai wuce ta kansa. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da ake jarrabawa da su a makarantun gwamnati, don haka kada mu zaci wani ofishi zai shirya mana kayan Hausa. Malami ne zai kalli bidiyon tun da dare, ya san inda zai tsayar da shi, ya mayar da dala sidi, ya yi bayani da harshen da yaro zai gane. Ga ƙanana akwai shafin African Storybook, mai ɗauke da gajerun labarai cikin harsunan Afirka da dama har da Hausa, ana iya sauke su a buga a takarda. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu ta Kumasi, amma yaro zai bi.

Duk wannan aiki ne, kuma lokaci da data yake ci, waɗanda a yanzu daga aljihun malami suke fita. A nan al'umma za ta iya shiga ba tare da jiran kowa ba. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa tun 1987, suna da kwamitoci da limamai da sarakunan zango a bayansu. Mu da muke haɗa kuɗin maulidi da na biki cikin mako guda, ba za mu gaza sayen filas da datar wata ga malamai uku ba. Malaman kuma suna da zaman da suke yi na mako-mako don ƙara wa juna sani. A ware ɗaya a wata, wanda ya sauke wani abu mai kyau ya kawo, a duba wane aji da wane babi na manhaja ya dace da shi, a kwafa wa kowa. Malamin Sawaba bai kamata ya sake kashe datarsa a kan abin da na Aboabo ya riga ya sauke ba. A taron iyaye na gaba kuma, wani ya miƙe ya tambayi shugaban makaranta kwamfuta nawa ke aiki, wa ke riƙe da mabuɗin, kuma wace rana ce a jadawali 'yan aji huɗu ke shiga ɗakin.