Wasiƙar Alhaji Zuwa Japan

(Garejin kanikawa a Kano, bayan la'asar. Janwe ta sauke wata Honda Accord, tayar gaba ta dama ta kwanta a ƙarƙashinta. Alhaji na tsaye, babbar riga duk ƙura. Bakanike na ƙarƙashin mota, Yaro na riƙe da sifana, Ticha ya kawo babur ɗinsa a duba masa fulogi.)

ALHAJI: Ticha, Allah ne ya jefo ka. Akwai biro?

TICHA: Malamin makaranta ai ko albashi bai zo ba biro na nan. Subhanallahi, sannu Alhaji! Tsautsayi aka yi?

ALHAJI: Zauna ka rubuta min wasiƙa zuwa Japan. Daga Alhaji zuwa ga mai kamfanin Honda, shi da kansa, ba yaransa ba. Bayan gaisuwa... a'a, goge gaisuwar. Ka ce yau ina jan ayarin ɗaurin aure, ni ne wakilin ango, sadaki na cikin aljihuna, motarsa ta durƙusa da ni a tsakiyar shataletale. 'Yan adaidaita suka kewaye ni suna ihu wai Honda ta faɗi gaisuwa. Sai a bayan a-kori-kura na ƙarasa masallaci, na tarar dangin amarya har sun fara cewa mun gudu.

TICHA: Alhaji, akwai 'yar matsala. Mai kamfanin ya rasu tun 1991.

ALHAJI: To rubuta wa magada.

TICHA: Bai bar wa 'ya'yansa ba. Shi da abokin tafiyarsa Takeo Fujisawa, wanda ke riƙe da harkar kuɗi, sun yi shawara ba mai shigo da ɗansa. A 1973 suka sauka tare, suka miƙa wa ma'aikacinsu.

ALHAJI: Mutum ya kafa kamfani da guminsa ya hana ɗan cikinsa? Ka ji inda rashin albarkar ta samo asali. Wai shi ɗan gidan wa ne?

TICHA: Soichiro Honda sunansa. A 1906 aka haife shi, a wani ƙauye kusa da Hamamatsu. Ubansa maƙeri ne mai gyaran keke, uwarsa masaƙiya. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokiyo ya zama yaron gareji.

BAKANIKE: (daga ƙarƙashin mota) Namu ne! Alhaji, a taɓa shi a taɓa mu.

TICHA: Watannin farko ma ko sifana ba a bari ya taɓa ba, renon jaririn ogansa aka sa shi.

YARO: Oga, ka ji ko? Ni ma da kake aikena cefanen Hajiya, wata rana...

BAKANIKE: Wata rana za ka miƙo min sha-huɗu in ka ga dama. Miƙo!

TICHA: Af, har a wannan ma ɗan'uwanka ne, don an san shi da zafin rai, ma'aikaci ya ɓata aiki sai ya sha hannu. To, a 1937 ya buɗe wurin yin ringin fistin, zoben ƙarfen nan na cikin inji. Ya zaɓi guda 50 ya kai wa Toyota su gwada, 3 kacal suka tsallake.

ALHAJI: Tsaya! Uku cikin hamsin? Rubuta wannan a wasiƙar, ka ja masa layi. Ashe tun fil azal kayansa ba sa cin jarrabawa. Shi ya sa maƙwabcina mai Camry yake min wani irin murmushi.

TICHA: Ai bai tsaya nan ba. Ya koma makaranta da girmansa ya koyi sirrin narka ƙarfe, har Toyota ta dawo tana saye a wurinsa. Sai yaƙi ya zo, bam ya ci masana'anta ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a 1945. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage. A 1946 ya samo ragowar ƙananan injinan da sojoji ke kunna rediyo da su, ya riƙa ɗaura wa kekuna. Kamfanin da ka ke son kai ƙara a 1948 aka kafa shi, kuma da babura ya yi suna. Super Cub ɗin nan da ya fito a 1958, zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. Mota kuwa sai 1963.

ALHAJI: La ila! Ashe mai keke ne! An ba mai ƙafa biyu aikin ƙafa huɗu, ina biyun da aka ƙara za su zauna?

(Dillali ya shigo yana kaɗa makullai, ya hango motar, ya juya zai fita.)

ALHAJI: Kai, Bazazzagi! Dawo nan, ɗan fate! Ba kai ka ce min wannan motar sai dai in gaji da ita in bayar sadaka ba?

DILLALI: Ranka ya daɗe, injin na ce, ban ce ƙafa ba. Oga, tsakaninka da Allah, injin nan ya taɓa tari?

BAKANIKE: (ya fito yana goge hannu) Gaskiya injin kam ba a magana. Baƙin man da ke ciki ya fi wata tara, amma bugu ɗaya take tashi.

TICHA: Ai da injin suka ci duniya. Da Amurka ta kafa dokar hana hayaƙi a 1970, manyan kamfanoninsu suka yi ta kukan ba zai yiwu ba, sai ga Honda ta fito da injin CVCC ya cika sharaɗin. Civic ta fito a 1972, aka shiga tsadar mai a 1973, kowa ya koma neman mota mara shan mai. Accord ta biyo baya a 1976.

DILLALI: Ka ji bakin masu ilimi. Ku Kanawa ku ga mota mai kyau da araha ku ruga, in ta yi atishawa ku ce Bazazzagi ya cuce ku.

ALHAJI: Injin zan hau in je kasuwa, ko ƙafa? Oga, faɗa wa Ticha laifinsu ya rubuta.

BAKANIKE: To, ranka ya daɗe, ga shi a hannuna. Wannan shi ne bol-joyin na ƙasa, mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya. A irin wannan ƙirar, nauyin gaban mota a kansa yake, kuma jan sa nauyin yake yi yana neman zare shi daga gurbinsa. In robar ta fashe, giris ya fita, ƙasa ta shiga, sai ya riƙa cinyewa. Ran da ya ƙare, taya sai ta yi nata wuri. Daga 2013 ma sun sauya fasalin ƙafar gaban gaba ɗaya.

ALHAJI: Alhamdu lillahi, sun amsa laifi. Rubuta!

BAKANIKE: Sai dai ba ya fita bai yi sallama ba. Yana kuka ƙiii-ƙiii, sitiyari ya yi tauri. Ba ka ji komai ba?

ALHAJI: Tun kafin azumi nake jin wani ɗan ƙara.

BAKANIKE: Me ka yi?

ALHAJI: Na ƙara muryar rediyo.

YARO: Oga, ai ya zo. Ka ce masa akwai na Beljiyam na 40,000, akwai na 8,000 a Ƙofar Ruwa, ya ce ai duk ƙarfe ne.

ALHAJI: Wa ya sa baki da kai? Yaran yanzu ba kunya!

BAKANIKE: Sannan buhun masara nawa ka ɗauko daga gona da kaka?

ALHAJI: Shida ne kawai. Da ragon suna. Da yara huɗu, amma ƙanana ne. Kai, ni ba wannan na tambaye ka ba. Giya fa? In za ta shiga ta biyu sai ta yi wata zabura har hulata ta faɗi. Wannan ma masara ce?

TICHA: A nan kam, Alhaji, kana da abokan kuka. Masu injin V6, wato mai fulogi shida, na farkon shekarun 2000 sun yi ta ƙorafi a Amurka. A 2004 kamfanin da kansa ya kira motoci sama da miliyan 1 a dawo da su, saboda giya ta biyu tana yin zafi, mai ba ya isarta.

ALHAJI: Allahu akbar! Gaskiya ta yi halinta!

BAKANIKE: Taka mai fulogi huɗu ce, Alhaji, ba V6 ba.

ALHAJI: To me ke damunta?

BAKANIKE: Wato... ita giyar Honda tana da man ta na musamman.

ALHAJI: Wanne ka zuba mata?

YARO: Jan nan na galan, wanda muke zuba wa kowa.

BAKANIKE: Kai, jeka sayo min ruwan sanyi! Tafi! Alhaji, ai kai ka ce in zuba na talakawa.

TICHA: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar balan-balan ɗin sitiyari. Ka taɓa jin Takata?

ALHAJI: Takata ko ta kashe ni, duk ɗaya.

TICHA: Kamfani ne na Japan da ke yi wa Honda da wasu masu motoci wannan jakar da ke kumbura in an yi karo. Abin da ke hura ta sinadari ne irin na takin zamani. In ya daɗe yana shan zafi da raɓa sai ya lalace, ran da aka yi karo ya fashe da ƙarfin tsiya, ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. A Amurka kaɗai sama da mutum 20 sun mutu, yawancinsu a cikin Honda. An kira jakunkuna kusan miliyan 67 a sauya su a can, Takata ta karye a 2017. Irin motarka na cikin jerin.

ALHAJI: Inna lillahi! Taki a sitiyari? Shekara uku ina rungume da bam ina zuwa Kwari, ga zafin Kano? (ya ja da baya) Ku matsa daga jikinta!

DILLALI: Kwantar da hankalinka, Bakano, tsoro zai kashe ka. Taka babu komai a ciki.

ALHAJI: Kamar yaya babu komai?

DILLALI: Ta riga ta fashe tun a can, shi ya sa ta zo da sauƙi. A Kwatano aka cusa soso aka liƙe. Ka ga na tsirar da ranka, ko tukwici ba ka ba ni ba.

TICHA: Da tana nan ma kyauta suke sauyawa.

ALHAJI: Kyauta? Ka ce kyauta? Bazazzagi, ka jawo min asarar kyauta! Ticha, ƙara a wasiƙar, a aiko min da tawa daga Japan, ko kuɗinta.

TICHA: Bari in ɗauki lambar jikin mota, sai da ita suke ganewa. (ya leƙa gindin gilashin gaba) Alhaji, wannan motar ba ta taɓa ganin Japan ba.

ALHAJI: Kai Ticha, ka ji tsoron Allah.

TICHA: Ta Japan da J take farawa. Taka da 1 ta fara, wato Amurka. A 1982 suka fara ƙera Accord a jihar Ohayo. Mu nan ma suna da wuri a Ota ta jihar Ogun, sun fara haɗa ta a 2015. Sannan... wace shekara aka ce maka?

ALHAJI: 2007. Diskoshon Kontinyu, ga fitilun baya nan kana gani.

TICHA: Harafi na goma shi ke faɗin shekara. Nan 3 na gani. 'Yar 2003 ce.

(Shiru. Dillali ya fara duba wayarsa.)

DILLALI: Ana kirana a Kaduna.

ALHAJI: Riƙe min shi, Oga! Ina shekara huɗun da na biya?

DILLALI: Ranka ya daɗe, gaban ne 2003. Bayan kuwa, fitila da but da bamba, wallahi duk 2007 ne, ni na saya da kuɗina. In ka raba biyu ka samu 2005, ba wanda ya ci wani.

ALHAJI: Mitar fa? Ka ce 90,000 kawai ta yi, wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita.

BAKANIKE: Yanzu nawa take nunawa?

ALHAJI: 90,000.

BAKANIKE: Bayan shekara uku, da zuwa Maraɗi sau nawa?

ALHAJI: Ni na ɗauka albarka ce.

TICHA: To Alhaji, wa zan sa a kan ambulan? Marigayi, ko Ohayo, ko Kwatano, ko Zariya, ko mai jan galan?

ALHAJI: (ya zauna a kan tsohuwar taya, ya cire hula, ya yi shiru) Oga, in aka ɗaga ƙafar nan aka wanke ta, za a gane ta taɓa faɗuwa?

BAKANIKE: In an yi ɗan fenti a gefe, sai mai ido. Wanne zan sa, na 40,000?

ALHAJI: Na 8,000. Ai ba ni zan hau ba. Bazazzagi, matso. Akwai wani surukina da ya karɓi kuɗin fansho, yana neman mota. Ka ce masa ƙirar wani bawan Allah ce ɗan maƙeri, wanda bam da girgizar ƙasa suka kasa kayarwa. Ticha, ya sunan injin nan da ya ba Amurka kunya?

TICHA: Alhaji, wannan injin na shekarun 1970 ne, ba ya cikin taka.

ALHAJI: Shi surukin nawa ya sani? Kai dai rubuta masa a takarda.

DILLALI: In ce masa 2007?

ALHAJI: Nawa ne fitilun 2008?